Hannun da ya tare tela a hawan dutse

Tanimu, tunda ka sayi mota har kana ce mini babu abin da ka tsana kamar bin bayan gingimari, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela. Ni dai duk ranar da na tuna da shi sai tsigar jikina ta tashi.

Telan nan a birni yake zaune, yana da 'yar motarsa ta shiga. Wata safiya yayansa ya bugo waya daga ƙauye cewa mahaifinsu ya cika. Ya ce masa, "Ka yi ƙoƙari. Ana zafi, liman ya ce ba za a wuce azahar ba." Ka san gawa ba ta jiran kowa. A ranar babu abin da tela yake so a duniya illa ya ga fuskar tsohonsa kafin a rufe, ya sa kafaɗa a ɗauki makara. Ya sa matarsa da jaririyarsu a baya, ya kama hanya yana wuce motoci kamar an biyo shi. Can suka iso wani hawan dutse, inda titi ya tsuke ya yi kwana a sama. Nan ya tarar da gingimari an labta mata buhunan masara, tana nishi, tana tafiyar hawainiya, tana feso masa baƙin hayaƙi. Ya leƙa hagu, iya ganinsa hanya fetal. Ya danna hon, ya fito da hancin mota. Sai ga hannu ta tagar direban gingimari, tafin yana kallon ƙasa, yana dannawa a hankali. Duk mai bin hanya ya san wannan na nufin dakata, don in an ba ka hanya yafito ka ake yi. Tela ma ya sani sarai. Amma ya sha jin ana cewa direbobin manyan motoci mugaye ne, sun ɗauki titi gadon gidansu, kuma mai gaggawa ba ya rasa hujja. Matar ta ce, "Malam, cewa fa yake ka jira." Ya ce, "Shi ubansa ne ya mutu?" Ya sake fitowa. Wannan karon gingimarin ce da kanta ta karkato tsakiyar titi ta toshe shi. Tela ya taka birki, ya ɗura ashar, mutumin da ko mai kawo masa ɗinki ranar jajibere bai taɓa zagi ba.

Bai rufe baki ba sai gingimarin ta koma dama da sauri, ta matse har tayoyinta suka sauka daga kwalta. Hanya ta buɗe masa tar, ga abin da yake nema ya samu. Sai dai hannun nan yanzu dukan ƙofa yake yi kamar mai buga ganga. Matar ta cafko rigarsa ta baya tana salati. Shi kansa bai san abin da ya juya sitiyarin ba, ya dai ga ya lafe a bayan gingimari. A daidai lokacin wata tankar mai ta ɓullo daga kwana, birkinta ya tsinke, tayoyi na hayaƙi, ta cika hannunta ta ci rabin nasu. Tela ya ga direbanta a miƙe kan birki, baki buɗe yana kiran Allah. Ta kankare katakon gefen gingimari, masara ta zubo wa tela a gilashi kamar ƙanƙara, iskarta ta girgiza 'yar motar, ta wuce ƙasa da ƙugi har ta je ta nutse cikin yashin rafi. Sai wuri ya yi tsit. Ba ka jin komai sai masara tana gangarawa a kan kwalta, jaririya kuwa ko farkawa ba ta yi ba. Allah mai iko!

Direban gingimari ya sauko, wani dattijo mai furfura, ya leƙo ya ga kowa da rai. Ya ce, "Ɗana, daga can sama na hango hayaƙinta tun tana bayan kwana. Kai kana ƙasa." Tela ya fito daga mota. Ya daɗe zaune a bakin hanya. Da ya koma mota kuwa, a hankali ya ƙarasa.

Yana shiga ƙauye ya ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, an riƙo makara babu kowa a kai. Bai ga fuskar ubansa ba, kuma ba zai ƙara gani ba. Ya shiga gida ya faɗi gaban mahaifiyarsa yana kuka, yana cewa wata mota ce ta hana shi. Matarsa ta durƙusa ta ba tsohuwa labari tiryan-tiryan. Tsohuwa ta karɓi jaririyar ta rungume, ta ɗora ɗaya hannun a kan ɗanta. Ta ce, "Yi shiru. Kabari ɗaya aka haƙa mini yau, kuma ya ishe ni."

Shi ya sa Hausawa suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.