Bagadin Kafinta

Kafinta ya sauke katako daga bayan babur a ƙofar bayan ginin, daidai inda ya saba sauke matarsa, Maman Yara, kowace Lahadi. Yau ne karo na farko da ya taka ciki. Shi ba mai zuwa sujada ba ne. Ya sha faɗa mata cewa Allah ya san shagonsa, in yana nemansa.

Tsawon zamansu, da wuya ta roƙi abu bai hana ba. Keke? Bai dace da matar aure ba. Tafiya da ƙawaye? Wa zai dafa masa abinci? Coci ne kawai bai taɓa hana ta ba, don yana tsoron abin da maƙwabta za su ce. Takan dawo a gajiye, idanunta jajir, ta cinye kwano biyu ta kwanta. Shi kuwa sai ya ce a ransa, lallai faston nan ya iya sa mata kuka.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta kama hannunsa ta ce, “Wurin nan da kake kai ni, za a gyara shi. Ka sa hannu, ko ƙusa ɗaya ce.” Ya ce sai ya duba. Bai gama dubawa ba ta cika.

A ciki ya tarar an yaye rufi, an kankare bango, babu kujera ko ɗaya. Wata matashiya da hular kwano, wadda ta zana sabon fasalin ginin, tana nuna wa magina aiki. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi mijin wace ce. Nan take ta cire hular.

“Ayya, Baba! Kai ne mijin Mama? Wurin nan ya yi rashi.”

Ya ce aiki ya kawo shi, kuma ba ya son ko sisi. Abu ɗaya yake gudu, kada yarinyar nan ta gane bai san komai na ibada ba, ta sallame shi. Don haka ya kama bakinsa. Abin da yake ganin ya dace, sai ya ƙera ya kawo.

Ya fara da bencina. Ta ce a jera su gefe da gefe, a bar tsakiya. A tsakiyar kuwa wani ƙaton rami ne da ake manna wa tayil mai ruwan bula. Kafinta ya leƙa, ya jinjina kai. Ya taɓa jin labarin baftisma, yadda ake tsoma masu tuba a ruwa, amma bai san abin ya kai haka ba.

“Ɗiyata, mutum nawa ke shiga a lokaci guda?”

“In an cika, Baba, ko wurin juyawa babu.”

Kafinta ya sake leƙa ramin. Dama ya daɗe yana zargin zunubi ya yi wa unguwar nan katutu.

Sai ya kawo bagadi, inda fasto zai tsaya ya yi wa'azi. Ya goge shi har yana ɗaukar ido. Matashiyar ta zagaya shi tana taɓe baki.

“Ya yi gajere. Wanda ke kai dole ya ga kowa, musamman masu nitsewa.”

Ya ce ƙwarai kuwa, ai don masu nitsewa ake yin abin. Ya ƙara masa ƙafafu da tsani, har bagadin ya kusa taɓa sabon rufi. Da ta ce a sa masa lema, bai yi musu ba. Wa ya san tsawon wa'azin zamani?

Ƙararrawa ma ya samo. Ta yi murna, ta ce a rataye ta kusa da bagadin, amma kada a buga sai an ga rai na neman salwanta. Gicciyen da ya fi ɓata wa lokaci, na icce mai kyau, ta sa aka shafa masa jan fenti, aka kafa shi a ƙofar wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya. Wannan kam ya sosa masa rai. Amma ya haɗiye, ya ce masu ilimi sun san dalili.

Ranar buɗewa ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta ya daina haɗuwa. Ya zauna a bencin gaba, ya haɗa hannuwa. An cika ramin taf, ruwan na ƙyalli. Tsofaffin mata sa'o'in marigayiyar suka shigo ba takalmi, kowace da tawul a kafaɗa, suna shewa. Tuba da furfura, in ji shi a ransa, ai gara a makara da a ƙi.

Wani ƙato da gajeren wando ya hau bagadin, usur a wuyansa. Kafinta ya sunkuyar da kai. Ko fasto ne, cinya cinya ce. Mai zanen ta raɗa wa mutumin magana, sai ga shi ya sauko da sauri, ya durƙusa gaban Kafinta ya riƙe hannunsa biyu.

Kafinta ya share hawaye. “Ranka ya daɗe, ka faɗa mini gaskiya. Ta riƙe ibada da kyau?”

Mutumin ya kalli mai zanen, ya kalli matan.

“Ibada kam ban sani ba, Baba,” in ji shi. “Amma tunda nake koyar da ninƙaya a nan, ban taɓa ganin mai tsalle daga sama ta nitse kamar Mama ba.”