Robar Tulu ta Uku

Bututun ya sake kama rawa tun kafin ma'aikatan safe su gama sa rigunan aiki. Injiniya ta ji girgizar a tafin ƙafarta, ta sauko da gudu daga ofis, ta tarar allurar ma'aunin matsi tana tsalle kamar za ta fasa gilashi. Ba sai an faɗa mata ba. Robar tulu ta sake yagewa.

Tulu shi ne sunan da ma'aikatan masana'antar sabulun suka sa wa wata tukunyar ƙarfe da ke zaune a kan bututu. A cikinta akwai jakar roba da iska a bayanta. Duk bugun da famfo ya yi yana tura ruwan soda mai zafi, robar ce take shanye shi. Idan ta yage, bututu ya girgiza, mahaɗai su fara ɗiga, aiki ya tsaya.

Ita ta zaɓi robar, kuma shi ne babban aikinta na farko tun da ta fito daga jami'a. Ba ta yi shi da ka ba. Ta jiƙa gutsattsarin roba iri-iri a kwalaben ruwan soda, ta dafa su, ta ja, ta murɗa, har sodar ta busar mata da hannu, fatar ta tsattsage. Robar da ke jure mai ta ƙandare da zafi. Mai tsadar da ke jure asid kuwa, soda ta cinye ta. Guda ɗaya ce ta fito lafiya, wadda masu sayarwa ke kira EPDM. Ba ta tsoron zafi, ba ta tsoron soda. Makashinta ɗaya ne: maiko. Da ya taɓa ta sai ta kumbura, ta yi laushi, ta yage.

To ga shi ta yage sau uku, kuma babu ɗigon mai a cikin wannan bututu.

Ta sa aka kashe famfo. Tana jiran ƙarfen ya huce, ta kasa tsayawa wuri guda. Ta leƙa sito, ta dawo. Ta ciro ɗan gwangwanin man shafawa da yayarta ta cusa mata a jaka tun da hannun ya fara tsattsagewa, ta murza a hannu, ta sake duba ma'aunin zafi. Daidai yake. Ƙarfin sodar ma daidai. Ta kira mai sayar da robar, ya rantse mata kayansa na asali ne.

Saura mutum ɗaya.

Baba Makanike ya tsufa a wannan masana'anta, kuma komai nasa maiko ne: rigarsa, sufanarsa, har wayarsa. Ƙofar da ta yi ƙara ma sai ya shafa mata giris. Roba ta farko da ta biyu shi ya sa su, bayan ta dudduba su ta miƙa masa. Shi ya sa da ta uku ta iso, ta kulle ta a kabad ɗinta, ta hana kowa taɓawa. Ranar sawa ta ƙi safar hannun ɗakin gyara, don duk sun sha baƙin mai. Ta sa ta da kanta, da hannunta tsirara.

Amma Baba ya yi aikin ƙarshen mako, ita ba ta nan. Wa ya san abin da ya kwance?

Ta haura wurin Manaja ta zayyana masa komai a tsaye. Manajan ya gaji da tsayawar aiki, masu kamfani sun hana shi sakat.

“Kawo mini robar in gani da idona,” ya ce. “In maiko ne, yau Baba zai ajiye mana makullanmu.”

“Maiko ne, yallaɓai. Ba ni da shakka.”

Da ta sauko, Baba ya riga ya jera sufanu a kan buhu yana jiranta. Ba a gaya masa komai ba tukuna.

“Ƴata, yau ma ni ɗan kallo ne?”

“Kwance murfin kawai, Baba. Kada ka taɓa cikin.”

“To, likitar roba. Ni da tulun nan gaisuwa ce tsakaninmu, ita ma daga nesa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta tuna ƙaramar ƴarsa da yake yawan ba ta labari, wadda yake so ta karanci irin abin da ta karanta. Ta kawar da tunanin. Gaskiya ce za ta faɗa, ba sharri ba. Ta sake murza man a hannunta, don tsagun sun fara zafi.

Murfi ya buɗe. Ta zaro robar da maƙata, ta wanke ta a famfon ruwa, ta shimfiɗa a kan tebur. Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Jikin robar lafiya lau, sai dai kusa da bakinta akwai wasu ƴan tabo a jere, sun kumbura sun yi laushi, kuma daga ɗayansu yagar ta faro. Irin tabon da ta gani a kan biyun farko.

Ta ji wani irin daɗi mai ɗaci. Lissafinta bai yi ƙarya ba, zaɓinta daidai ne. Wani ne ya kawo maiko.

Baba ya leƙo ta kafaɗarta, hannuwansa manya kamar faranti a goye a baya.

“Ikon Allah. Ƙanana da su, kamar an ɗiɗɗiga.”

Ta ga Manaja a saman bene yana yafito ta. Ta kai hannu biyu ta kama bakin robar, yadda ta saba kama ta in za ta duba ko za ta sa, ta ɗaga.

Ba ta kai ga taka matakala ba ta tsaya. Kowane tabo ya shige ƙarƙashin siririn yatsanta daidai wa daida, yatsun nan da ke ta sheƙi da man shafawa.