Allon da Aka Hana Kuka

Kai da kake cewa wayarka ta ishe ka da ƙara tun da aka ba ka tsaron kwamfutocin ofis, gyara zama ka ji.

An yi wani mutum a wata kwaleji, shi ne babba a cikin masu kula da kwamfutoci. A ɗakinsu akwai ƙaton allo a bango, manhajar sa ido tana nuna lafiyar kowace na'ura a kansa: kore lafiya lau, rawaya a leƙa, ja a ajiye shayi a taso. In wani abu ya fara ciwo, sai ta aika saƙo wayar kowa, ƙit-ƙit. Wata Talata rumbun da ake adana rajistar ɗalibai ya cika kashi tamanin cikin ɗari, ya yi rawaya. Aikin yini guda ne, a kwashe tsofaffin fayiloli a samu wuri. Amma mutumin nan yana ji da koren allonsa kamar yadda wani ke ji da farar shaddarsa ranar Juma'a. Sai ya tura tabarau kan karan hanci, ya ja tsaki, ya shiga manhajar ya ce kada ta sake kuka sai an kai casa'in. Allo ya koma kore. Bayan sati uku ƙit-ƙit ya dawo, ya ɗaga zuwa casa'in da biyar. Abokiyar aikinsa ta ce, "Oga, rumbun nan fa cika yake yi." Ya amsa da muryar nan tasa ta cikin hanci, "Malama, na girmi na'urar nan." A karo na uku ma sai ya cire rumbun daga allon ɗungurungum. Ita kuwa manhajar ba ta yarda a taɓa komai sai an rubuta dalili, shi kuma yana rubutawa yana murmushi, a zatonsa babu mai karantawa.

Ranar da za a rufe rajistar jarrabawa da ƙarfe huɗu, shugabar kwalejin ta kawo baƙi su ga allon da ake ta ba su labari. Ga mutuminka da rula a hannu, yana nuni yana cewa, "Kun gani, ko tari ba sa yi." Sai hayaniya ta shigo ta taga. Ɗalibai ne cike da harabar, tun hantsi shafin rajista ya ƙi karɓar sunan kowa. Allo kuwa kore shar. Shugaba ta dubi allo, ta dubi taga, ta ce wa abokiyar aikin ta buɗe tarihin canje-canje. Ya fito ɓaro-ɓaro a bango, kowane layi da sunan mutumin nan da dalilin da ya rubuta a gefe. Wani dattijo cikin baƙin ya matso, ya shiga karantawa a hankali kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Ta cika surutu." Ya gyara murya. "Ba yau ba." Ya sake matsawa. "Yi mana shiru, uwar 'yan ƙorafi." Da an yi dariya ma da sauƙi, amma babu wanda ya yi. Mutumin nan ya rasa inda zai ajiye rular, ya sa ta a aljihu ta ƙi shiga.

Kafin a kwashe rumbun, lokaci ya ƙure wa ɗalibai arba'in da ɗaya, sai dai baɗi. Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Takardar sunayensu ta miƙa masa, ta ce ya fita ya faɗa musu dalili da bakinsa. Ya tsaya kan matakala yana kiran suna ɗaya-ɗaya, kowa ya amsa ya zuba masa ido, muryar cikin hancin nan ta koma kamar ta sauro. Har yau, in wayarsa ta yi ƙit, zabura yake, ko da matarsa ce ke tuna masa ya sayo tumatir.

To, ka bar wayarka ta yi ƙararta. Hausawa sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.