Ƙafafun Aku

Injiniya tana tsugune gaban wasu ƙafafun ƙarfe, sifana a hannu, tana ɗaure notin gwiwa, sai Manaja ya leƙo yana murmushi.

"Ki ɗaure su da kyau, Injiniya. Na Aku ne."

Sifanar ta tsaya cak a hannunta.

Mai karatu, Aku ba mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce da ke cikin kwamfuta. A da 'yan damfara yake yi wa aiki. In ya ji muryarka sau ɗaya, sai ya kwaikwaye ta har da tarinka. Wata rana da hantsi ya kira Mama, mahaifiyar Injiniya, da muryar Yaya, babban ɗanta, yana kuka wai mota ta buge shi, a kawo kuɗin asibiti maza. Mama ta fita ko takalmi babu, ta faɗa titi ba ta duba ba. Motar da ta buge ta ta gaske ce. Yaya kuwa yana shagonsa yana ɗinki lafiya lau.

Mama ba ta ƙara takawa ba. Injiniya, wadda a lokacin take jami'a, ita ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo, sannan ta tafi aji da ciwon ƙugu. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta kuma faɗi jarrabawa ko ɗaya ba.

An ɗaure 'yan damfarar. Shi kuma Aku wani kamfani ya karɓe shi, aka ce an gyara masa hali. Yanzu ana ƙera masa jikin mutum-mutumi, wai zai riƙa jinyar tsofaffi a gidaje.

"Ranka ya daɗe, ka san abin da ya yi wa mahaifiyata?" in ji Injiniya.

"Na sani, amma ai ya wuce. Kwamitin kamfani ya zauna, ya yafe masa."

"A kwamitin ƙafar wa ta shanye?"

"Ke matsalarki ke nan, baki kamar reza. Ki yi haƙuri mana."

"Haƙurin na yi, shi ya sa ka same ni da takardar digiri. Amma ba zai fita aiki da ƙafar nan ba sai ya roƙi Mama gafara da kansa. In ta ce a'a, shi ke nan."

Sai idon Manaja ya yi haske. Tsohuwa a keken guragu tana yafe wa na'ura a gaban 'yan jarida! Ina tallar da ta fi wannan? Nan take ya amince. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tsohuwa za ta iya ƙi ba.

Ranar taron aka share babban ɗakin kamfanin, aka jera kujeru. Aku yana tsaye cikin sabon jikinsa, fari tas, hannuwa a harɗe kamar na kirki. Yaya ya turo Mama har gabansa, ya tsaya a bayanta.

"Baiwar Allah," in ji Aku cikin wata murya mai sanyi, "na cuce ki. Ina neman gafara."

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan gwiwoyin.

"Suna lanƙwasuwa?"

"Suna yi."

"Madalla. Nawa ba sa yi. Ban yafe ba."

Manaja ya share gumi, ya matsa kusa da Aku. "Kai, lallashe ta mana! Ba ka iya magana ba ne?"

Aku ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, muryar Yaya ce ta fito, tana rawa, tana kuka. "Mama, ni ne. Ki taimake ni, Mama."

Mama ta manta da keke, ta manta ɗanta yana bayanta bakinsa a rufe. Ta yunƙura da dukkan ƙarfinta, ta kifa a kan siminti. Kowa ya ji ƙarar ƙashin.

Yaya da wasu suka ɗauke ta. Injiniya ba ta yi kuka ba. Ta zaro sifana daga aljihun rigar aiki, ta durƙusa gaban Aku.

"Me na yi?" in ji shi. "Ita ce muryar da ta fi so."

"Na sani. Ka iya aikinka. Bari in nuna maka nawa."

"Injiniya! Kayan kamfani ne!" Manaja ya daka tsawa.

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta kwance notin gwiwar dama, ta kwance na hagu, a natse, kamar mai tsefe kitso. Aku ya zube a gabanta, hannuwansa na lalube a ƙasa.

"Zauna nan," ta ce. "Ka ji yadda ƙasa take."

Kwamiti ya janye yafiyar da ya yi, aka mayar da Aku cikin kwamfuta, babu jiki, babu waya. Kamfani ya kori Injiniya, ta fita kanta a sama. Mama kuwa ƙugunta ya karye. Har yau in Yaya ya yi magana sai ta toshe kunne. In ya zo gaishe ta, shiru yake zama ya riƙe hannunta.

Jama'a, yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, ba ta kwamiti ba, ba ta mai neman riba ba. Mutum ne ko na'ura, wanda ya cuci jama'a da baki kawai, kada a ƙara masa hannu da ƙafa don kurum ya iya cewa ya tuba.