Agogon Baba

"A dakatar da harba rokar!" in ji Ramatou.

A ofishinsu na Paris, allo ya nuna na'urar auna zafin injin ta yi ja. Shugabanta ya ce ƙila na'urar ce ta lalace.

"Ba a ƙaryata na'ura sai an duba," ta ce.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga agogon da ta saya a Lyon ta aika wa mahaifinta can gida, mai lura da bugun zuciyarsa. Babu bugu. Ta ga azahar ta yi. Kullum haka ne, cire shi yake yi in zai yi alwala. Ta kashe ƙarar.

Sai la'asar suka gano na'urar ce ta yi ƙarya, injin lafiyarsa ƙalau.

Ta kira Baba don ta ba shi labari. Maƙwabcinsa, Malam Hayatu, ne ya ɗauka.

"Ramatou, sai haƙuri. Ban gan shi a masallaci ba, na shiga na tarar da shi a ƙasa. Rai ya yi halinsa."

"Kawu, agogon yana gefen famfo, ko?"



"Yana hannunsa, 'yata."