Tsakuwar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Ƙofar Ran, Baba ya miƙo mini tire cike da ɗanyar gahawa ya ce in tsince. Tun bayan azahar nake tsinta har wuyana ya ƙage. Ko ƙwayar yashi ban bari ba.

Shi ya soya da kansa a kasko, ya juye a tabarmar shanyar masara don ta huce. Ina kallo ya tattara har da wadda ta gangara ƙasa, ya zuba a ɗan injin niƙan da ƙaninsa ya kawo masa daga Makka. Yana kunnawa injin ya yi ƙara ya mutu, ƙauri ya danne ƙamshin.

Ya zaro wata tsakuwa daga cikin injin ya ɗora mini a tafin hannu. "Wannan ce tsintar taki?"

Fara ce fat. Da daga tirena ta fito, da kasko ya baƙanta ta. Na buɗe baki, Inna ta ƙifta mini ido.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙamshin gahawa, amsar nan da ban ba shi ba ce ke dawo mini.