Ƙasar Zaure

Jakuna suka tsaya a bakin kududdufin unguwa, mangalolinsu cike da ɓaraguzai. Wani malamin makaranta ya sha gabansu.

Tun da soja suka koma bariki tsoron bulala ya fita daga ran mutane, kowa ya mai da kududdufin juji. Malamin ne ya tara 'yan unguwa suka kwashe leda, suka karkatar da kwatami, suka raba gadi. Idan ramin nan ya cike, ruwan damina a ɗakunansu zai kwana. Yau gadinsa ne, tun safe ya kasa zama wuri ɗaya.

"Ba a zubarwa a nan, Baba."

"To fa, sarkin ruwa!" in ji mai jakunan. "Yayanka ne ya aiko ni. Ya rushe zaurenku, shaguna zai yi da bulo. Ƙasar ma ai daga ramin nan kakanka ya haƙe ta. Gida na dawo da ita."

Malamin ya leƙa mangala. Ga ɓallen bango da shafen makuba, har da ƙusar da mahaifinsa yake rataye hula. Masu wanki suka daina bugu, suka zuba masa ido.

"Juya su."

"In kai ina? Jakuna ne fa, ba mota ba."

"Ƙofar ɗakina."

A daminar nan kududdufin ya shanye ruwan unguwa tas. Shi kuwa kullum sai ya tattare riga, ya taka ta kan ɓaraguzan zauren ubansa, kafin ya shiga ɗaki.